Murhun da Ba Ya Neman Mai Gadi

Dala dubu ɗaya da ɗari biyu,
haka aka rubuta a takardar da ke lilo a wuyansa
a shagon Harlan, bakin hanyar Sedalia.
Na zagaya shi sau uku kamar mai taya bijimi.
Baƙi wuluk, ƙafa huɗu, da ɗan akwati a gefe
inda ake zuba masa abinci:
garin katako da aka matse ƙwaya-ƙwaya,
kai ka ce na zomo ne.

Yaron shago ya ce, "Murɗa nan kawai.
Ka zaɓi zafi, ka rufe, ka je ka kwanta.
Wayarka za ta tashe ka in nama ya yi."
Na ce, "Wutar fa, wa ke iza ta?"
Ya yi dariya. "Ita ke iza kanta."

Lorna ta ce in saya.
Ta ƙirga min da yatsu: gwiwata mai ciwo,
idanuna da ke yin ja kowace Lahadi,
rigunan da ke warin hayaƙi ko an wanke su sau biyu,
da naman ƙirjin da na mayar gawayi ranar auren Tessa.
Wannan kam ba ta mantuwa da shi.

Na saya.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye ba:
nama bai ƙara ƙonewa ba.
Awa goma sha huɗu yana ciki, ni ina minshari,
ƙarfe mai murɗiya na tura ƙwaya kaɗan-kaɗan,
fanka na hura wuta a hankali.
Da safe wuƙa ta shige kamar cikin man shanu.
Har burodi Lorna ta gasa a ciki.

Amma hayaƙinsa mai kunya ne,
daga bakin ƙofa yake gaida nama, ba ya shiga.
Ƙanena Delbert ya tauna, ya tauna, ya ce,
"Da daɗi." Ya yi shiru. "Ina ƙanshin hikori?"
Na nuna masa buhu, ga shi an rubuta a jiki.
Ya ce, "To, a buhun ya tsaya."

Kuma kowane buhu dala ashirin,
ni da itace ke faɗuwa kyauta a bayan gidana.
Na bar rabi a gareji cikin Afrilu, laima ta shiga,
ƙwayoyin suka kumbura, suka shaƙe ƙarfen.
Yini guda na yi a durƙushe ina sakace shi, ina ashar.

Daren huɗu ga Yuli hadari ya taso daga Kansas,
ƙarfe biyu lantarki ya ɗauke.
Murhu ya mutu murus da nama a cikinsa.
Na fita da tocila, ƙafa cikin silifas,
na janyo tsohon duron da mahaifinmu ya yanka biyu,
tsatsa ta ci gindinsa, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.
Na kira Delbert. Bai tambaye ni komai ba,
ya zo da gatari da fulas ɗin kofi.

Muka zauna kan kujerun roba,
muna auna zafi da bayan hannu yadda aka koya mana.
Sai a daren na ji ya je asibiti sau uku.
Sai a daren ya faɗi sunan abin da likita ya gani.
Wata takwas ina barci mai daɗi,
ban san da na sallami mai gadi
har da abokin hira na sallama ba.

Ban mayar da shi shago ba.
Yana rumfa a lulluɓe, Laraba yakan gasa mana kaza.
In ka ce in ba ka shawara,
zan tambayi lafiyar gwiwarka,
da ko wuta na ɗaukewa a unguwarku,
da wanda ke zuwa maka zaman dare.

Duron kuwa na kai wa mai walda.
Asabar Delbert zai zo.
Na faskara itace tun jiya.